Kan da Ba a Binne Ba

Shafi na 14

Sallama gare ku, na kusa da na nesa. Masu aiko mini da saƙo cewa na bar ku a tsaye, to ku zauna, ga tabarma.

Ga inda muka kwana. Tahira, ɗiyar Alhaji Maliki mai kamiyoyi, manyan motocin kaya, ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba. An ce mata uwar ta rasu tun tana jaririya. Hoto ɗaya ne ya rage na matar, shi ma ba kai, domin a shekarar Taron Ƙasa, da Alhaji ya kama sabon wa'azi, ya sa an yanke kan duk hoton da ke gidansa don mala'ikun rahama su riƙa shiga. Gidaje da yawa sun yi haka a lokacin. Mai yankan kuwa shi ne Baba Jibo, tsohon mai ɗaukar hoto na Sabon Gari, kuma bai zubar da kawunan ba, tara su ya yi a gwangwanin madara. Jiya muka ga ya ba Tahira aron gwangwanin.

* * *

Sai da hantsi ya yi aka kawo kuran, wato wutar lantarki.

Tun da aka rufe iyaka haka yake, ya zo kamar baƙon da bai yi niyyar zama ba. Tahira ta yi maza ta kunna odinata, wato kwamfuta, a ɗakin aikinta na unguwar Zariya, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta buɗe gwangwanin ta juye.

Kawuna suka zubo.

Kowane kai bai fi ɓarin goro ba. Ga maza da hula, ga mata da ɗaurin kallabi irin na da, ga wani yaro da ya buɗe baki zai yi kuka aka ɗauke shi a haka. Wasu sun faɗi a kife. Waɗanda suka faɗi a rigingine duk rufin ɗaki suke kallo, kamar suna jiran ruwan sama.

Ita dai ba baƙuwar irin wannan ba ce. Aikinta ke nan, montaj: ta ɗauki hoto nan, ta yanko wani can, ta haɗa su cikin odinata su zama abin da ido bai taɓa gani ba. A bangon ɗakin akwai wanda ta yi na babbar kasuwa, mutane na ciniki amma kowa kansa ƙwarya ce. Akwai na Gulbi ya cika, rigunan sallah na iyo a ciki ba masu su. Mutanen Yamai sun yaba, mutanen unguwa sun ce Allah ya ba ta lafiya.

Amma na yau ba na bango ba ne.

Ta ware kawunan mata, ta jera su a gilashin injin da ke kwashe hoto ya kai cikin odinata. Haske ya bi ta ƙarƙashinsu a hankali. Ta buɗe hoton uwarta a gefe guda: mace zaune a kujerar studiyo, da zane mai ruwan bula, hannuwa a cinya, lalle har wuyan hannu. Daga wuya zuwa sama, rami.

Ta jawo kai na farko ta ɗora.

Bai zauna ba. Bakin almakashi bai haɗu ba.

Ta jawo wani. Wannan ya yi girma. Wani ya karkace. Wata mai murmushi ta zauna a wuyan na ɗan lokaci kamar 'yar haya, Tahira ta dube ta, ta ce, "Yi haƙuri, Hajiya, ba gidanki ba ne," ta ɗauke ta.

Sai ta jawo wata mai tsagar Gobirawa a kumatu.

Ba ta ma gama kai shi ba, sai ta ga kamar kan ya ƙarasa da kansa. Yankan ya haɗu da yankan. Sarƙar da almakashi ya raba ta koma guda. Bakin mayafin da ya sauko ta bayan kunne ya sami sauransa a kafaɗa, zare ya bi zare.

Fanka ta tsaya. An ɗauke kuran.

Odinata ta ci gaba da batirinta, ita kaɗai ce haske a ɗakin. Matar ba mai hoto take kallo ba. Idonta ya ɗan kauce gefe, wajen ƙofa.

Tahira ta juya ta dubi ƙofar.

"Salamu alaikum."

Saura kaɗan ta faɗo daga kujera.

"Baba Jibo! Wallahi ka kusa kashe ni!"

Tsohon ya shigo yana dogara sanda, tsohuwar kyamararsa rataye a wuya duk da ta daina aiki tun kafin a haifi rabin unguwar.

"In na kashe ki wa za ya gaji haukata? Ina kwana, mai montaj."

"Lafiya lau, Baba. Ai jiya ka ce in riƙe gwangwanin har Juma'a."

"Na ce. Amma mutuwa ba ta ji ba."

Ya zaro wani ɗan guntun farin ƙyalle daga aljihu, bai fi tafin hannu ba. Ya sunkuya kan tebur yana tona kawunan da ɗan yatsa, yana gaishe su ƙasa-ƙasa.

"Sannu Hamidu. Matsa. Sannu Hajiya. Ba ke ba. Yauwa, ga ka nan."

Ya ɗago kan wani mutum mai tabarau.

"Tanimu mai gyaran agogo. Da asuba ya cika, na ji sanarwa a rediyo."

"Allah ya jiƙansa. To me za ka yi da kan?"

"Mi ake yi da mamaci?"

Ya kwantar da kan a ƙyallen, ya naɗe, ya ɗaure da zare sama da ƙasa.

Tahira ta zuba masa ido.

"Baba, binnewa kake yi?"

"To in bar shi cikin masu rai? Ki yi tunani mana. Ke za ki so a rufe ki a gwangwani guda da gawa?"

"Duk wanda ya rasu sai ka cire shi?"

"Tun ranar da na fara. Waɗanda anka kawo mini hotonsu sun riga sun mutu, ranar na binne su. Sauran ina bin labarinsu. Rediyo, masallaci, 'yan kabu-kabu, mata masu kai gaisuwa. Da can gwangwanin nan sai na danna murfi da gwiwa. Dubi yanzu, rabi ma bai kai ba."

"Ba ka taɓa kuskure ba? Wani ya mutu ba ka ji ba?"

"Ni? Abinci nakan manta. Wanga ba ni mantawa."

Can waje wani ya tada gurup, injin wuta, ya yi tari, ya mutu.

Tahira ta juya odinatar a hankali har hasken ya faɗa fuskar tsohon.

"To wannan fa?"

Baba Jibo ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya cire hula ya share kai, ya mayar.

"Kai. Injin nan naki ya iya ɗinki."

"Baba."

"Ko tabo babu. Ni da na yanka ma ba zan gane wurin ba."

"Baba Jibo, a gwangwaninka na same ta."

"Awo."

"Ka ce babu matacce a ciki."

"Na ce."

"Uwata ce wannan."

Ya shiga mayar da kawunan cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya.

Tahira ta dafe murfin.

"Shekara talatin da wani abu ina yi mata addu'a! Duk azumi ina yin sadakar ƙosai da sunanta! Na tambayi Alhaji ina kabarinta, ya ce mata ba su zuwa maƙabarta. Kai kuma kana zaune a Sabon Gari da ita cikin gwangwani, kana kallona ina wucewa?"

"Ki rage murya, suna ji."

"Su ji!"

"Ɗiyata, zauna."

"Ba zan zauna ba. Tana da rai ko ba ta da rai?"

Tsohon ya sauke numfashi.

"Ranar da na yi yankan gidanku, ubanki ya kira ni zaure. Ya ɗauko Alƙur'ani. Ya ce in rantse bakina ba za ya taɓa faɗin labarin matar nan ba, ko ga wa. Na rantse. Lokacin kowa tsoron kowa yake, gari ya rikice, yau zanga-zanga gobe wa'azi. Na rantse da bakina."

Ya ɗan buga gwangwanin da farce.

"Amma wanga ba shi da baki. Ba a rantsar da shi ba."

"Shi ya sa ka ba ni aro."

"Kin ce kina son kawuna ki yi montaj. Na ba ki kawuna."

"To ina take?"

"A'a. Nan kuma baki ne."

Tahira ta ji kamar ta ɗaga odinatar ta maka a ƙasa. Hawaye suka zubo mata, ta goge da bayan hannu.

"Baba, don girman Allah."

Ya tura ɗan likkafanin cikin aljihu, ya miƙe da ƙyar.

"Ni dai Jiratawa za ni. Can nake binne su, gindin wata tsamiya a tsohuwar gonar kakana. Ƙafata ta kumbura, 'yan kabu-kabu kuma tun da mai ya yi wuya sun zama sarakuna. In wata mai moto ta ce za ta kai ni, ba zan ƙi ba."

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, bai juyo ba.

"In kuma na gamu da wani a hanya na gaishe shi, ai gaisuwa ba labari ba ce."

* * *

Bayan azahar suka fita a kan motonta, wato babur.

A bakin gari suka wuce kamiyoyi jere a gefen titi, an lulluɓe su da tamfol, direbobi na barci a ƙarƙashi. Wasu na Alhaji Maliki ne. Tahira ba ta ko waiwaya ba. Baba Jibo na bayanta, ya rungume gwangwani kamar jariri.

Jiratawa kore shar. Ruwa na bin ƙananan magudanai na siminti, ga albasa, ga tattasai, ga zogale tsaye layi-layi. Iskar wurin ma daban take, tana da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Suka bar moto a bakin hanya suka taka zuwa tsamiyar.

Nan Tahira ta tsaya cak.

Gindin itacen cike yake da 'yan ƙananan tudu, kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba, an jera su sahu-sahu, an kafa wa kowanne ɓallin tukunya a kai. Duk gabas suke fuskanta. Wasu sun tsufa sun kusa shafewa. Wasu ƙasarsu ba ta gama bushewa ba.

"Ki kula da ƙafarki," in ji Baba Jibo. "Liman na nan gabanki."

Ya durƙusa, ya tona rami da cokali, ya kwantar da Tanimu a gefen dama, ya rufe.

"Kana yi musu salla?"

"Ke, ni mahaukaci ne? Takarda ce." Ya daddanna ƙasar da tafin hannu. "Sai dai takarda ce mai ido."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Maimakon ya nufi moto, sai ya bi bakin magudanar ruwa. Tahira ta bi shi.

Can gaba wata mata na zaune a kan buhu, ta ba su baya, tana tsinke ganyen zogale cikin faifai. Siririya ce, furfura ta leƙo ta ƙasan kallabi.

"Salamu alaikum, Zalihatu. Sannu da aiki."

Matar ta waiwayo.

Baba Jibo ya ja da baya har sandarsa ta faɗa ruwa.

"La ilaha illallahu. Zalihatu, wuyan ya saki?"

"Kai ma ka gani ko?" Ta yi dariya, ta juya kai dama, ta juya hagu, kamar yarinyar da aka saya wa 'yan kunne. "Yau da hantsi. Ina zaune nan, sai na ji ƙas, kamar an mayar da murfi bisa tukunya. Jibo, rabona da in waiwaya ba tare da na juya jiki duka ba tun ina gidan mutumen nan. Ba bokan da bai taɓa wuyan ga ba."

Tahira ta ƙura mata ido.

Ga tsagar a kumatu. Ga idon nan mai ɗan kaucewa gefe.

"Wagga fa? Jikarka ce? Ko amarya ka yi ba ka gaya muna ba?"

"Ni gaisuwa na zo," in ji Baba Jibo. Ya juya ya shiga neman sandarsa a ruwa.

Tahira ta durƙusa. Ta zaro waya, ta buɗe hoton da ta haɗa, ta miƙa.

Matar ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta nisanta wayar daga ido, ta matso da ita.

"Ikon Allah. Ni ce. Zanen ga ma na tuna shi, Maliki ya kawo mini daga Kano." Ta shafa gilashin da yatsa. "An ce mini ya sa an sare mini kai. Ashe ƙarya ne."

"Gaskiya ne. Ni na mayar."

"Ke? To Allah shi yi miki albarka. Ɗiyar wa ce ke?"

Tahira ta ɗago kai ta dube ta.

"Inna, ni ce. Tahira."

Murmushin matar ya tafi.

Ta ajiye wayar a kan zogale. Ta ture faifan gefe.

"Mi kika ce?"

"Tahira. Ɗiyarki. Ta gidan Alhaji Maliki. Ce mini aka yi kin rasu, wallahi ban sani ba, da na sani da tuni..."

"Jibo."

"Na'am."

"Wasa ne ka kawo mini? Ka san ciwon da na yi. Ka san da ƙyar hankalina ya dawo."

"Ba wasa ba ne, Zalihatu. A gidan ta girma, gari duka ya sani."

"Da wanga suna?"

"Da shi."

Matar ta dubi Tahira tun daga kallabi har takalmi. Ba fushi a fuskarta. Wani abu ne da ya fi fushi nauyi.

"Miƙo hannuwanki."

Tahira ta miƙa duka biyu. Ta zaci rungume ta za a yi.

Zalihatu ta kama hannun dama, ta bi gefen ƙaramin yatsa da babban yatsanta, a hankali, sama da ƙasa. Ta saki. Ta kama na hagu, ta yi haka nan. Ta sake komawa na dama.

"Sumul," ta ce.

"Inna, me kike nema?"

"Kada ki kira ni haka tukuna."

"Me kike nema?"

"Da cindo na haife ta. Hannu biyu. Ungozoma ta ɗaure su da zare sunka faɗi kafin suna. Wurin yakan bar ɗan ƙullutu, ba shi ɓacewa har tsufa. Ga nawa." Ta nuna gefen hannunta. "Gadonmu ne."

"Wataƙila ya shafe. Wataƙila..."

"Ba shi shafewa."

Ruwa na ta wucewa a magudana. Wani tsuntsu ya tashi daga cikin albasa.

"Ba mu yi arba'in ba zazzaɓi ya kama ta," in ji Zalihatu. Muryarta ta yi ƙasa, kamar mai ba ruwan labari. "Maliki na Kwanni da kaya. Da ya dawo ya tarar an gama. Ni kuwa na daina barci, na daina magana, sai in goya tabarya in yi ta jijjiga. 'Yan'uwana sunka zo sunka ɗauke ni sai Tibiri, wurin masu girka na bori. Da ya ji inda anka kai ni, ya aiko da saki. Ya ce shi matarshi ta mutu. Ban yi gardama ba. Na hana kowa ya ambaci gidan a gabana, har yau."

Tahira ta juya ga tsohon.

"Baba Jibo, ka san wannan?"

Ya girgiza kai. Sandar na ɗiga a hannunsa.

"Wallahi ban sani ba. Jaririyar ba a taɓa kawo mini ita na ɗauka ba. Wanda ban ɗauka ba, ban san mutuwarshi ba. Ni na ga yarinya na tatata a zauren Alhaji ana ce mata Tahira, na ce ɗiyar Zalihatu ce anka raba su."

"To kuskure ne!" Tahira ta kama gwiwar matar. "Kina cikin ciwo, Inna, ba ki san abin da ya faru ba. Suma na yi, aka ce miki na mutu, aka ɗauke ni..."

"Ciwon daga baya ya zo."

"Amma..."

"Yarinya, saurara."

Zalihatu ta sa hannu biyu ta tallabi fuskar Tahira. Tafinta da sanyin ganye. Ta juya fuskar dama, ta juya hagu, tana dubawa.

"Goshin Maliki ne wanga, ba musu. Kunnen ma nashi ne. Amma Tahirata a cinyata ta yi sanyi. Ni na rufe mata ido. Ni na zuba ruwa ungozoma ta wanke ta. Ina tsaye bakin ƙofa anka fita da ita cikin tabarma."

Ta matso da fuskarta kusa, har Tahira na jin numfashinta.

"To ke, wace mace ce ta haife ki, har anka ɗauki sunan gawa anka sa miki?"